Kwamfuta Ta Bakwai

Shekara talatin da takwas ina jera haruffan dalma
a wata maɗaba'a can gangaren Porto,
inda kogin Duro ke turo hazo har bakin taga.
Ranar da suka rufe, agogo suka ba ni da ambulan.
Agogon bai yi wata uku ba ya tsaya.

Yanzu duk Talata da Alhamis
nakan haura ɗakin karatu na unguwa, gwiwa tana ƙorafi,
in zauna gaban kwamfuta ta bakwai,
mai linzamin nan da ke gardama.

Iolanda ce malamar, ba ta kai sa'ar autata ba.
Ta ce: Belmiro, HTML ƙashi ne, CSS tufa,
kada ka yanka riga ba ka ga mai ita ba.
Duk ƙofar da ka buɗe da alama, ka rufe ta da alama.
Na manta ɗaya.
Shafin duka ya koma rubutu mai kauri,
kamar sanƙira ya rasa inda zai yi shiru.
Awa biyu ina lalube.
Ashe wata 'yar karkatacciyar sanda ce,
ko tsinken sakace ya fi ta jiki.

Ba ta sa na sayi littafi ba.
Ta koya mini leƙa cikin shafin wani,
in ɗaga masa murfi kamar tukunyar maƙwabta,
in ga abin da ya fara zubawa, da abin da ya bari sai ƙarshe.
Adireshin darussan kyauta
a bayan tikitin bas ta rubuta mini.
Kwaikwayi shafi ɗaya kowane mako, in ji ta,
rushe shi, sake gina shi ba ka duba ba.
Kuma ka ajiye aikinka wuri biyu,
kwamfuta ba ta da alkawari.

Amma akwai abin da na riga ta sani.
Wata rana ta cusa layuka kamar kifin gwangwani,
na ce: 'yata, bar wa haruffa wurin numfashi.
Farin fili ba asara ba ne, nan ido ke hutawa.
Salon harafi biyu ya ishi shafi,
na uku baƙo ne da bai san lokacin sallama ba.
Ta yi jim, ta ƙara tazara,
ta ce in tashi in maimaita wa ajin.

Aikina na farko na Graciete ne,
mai gasa sardin a bakin teku, Matosinhos.
Hoto goma sha biyu, farashi, lokacin buɗewa.
A babban allo ya fito kamar katin biki.
A wayarta kuwa
kifi ya tsere ta gefe, farashi ya hau jela,
kafin hoto ya buɗe da an gasa wani an cinye.

Na koma na rage wa hotunan nauyi,
na faro daga ƙaramin allo, na bar babba ya biyo baya,
na raba jan rubutu da ruwan lemo, don ba sa jituwa.
Ƙarƙashin kowane hoto na sa bayani
saboda wanda na'ura ke karanta wa:
sardin shida bisa garwashi, da ɓarin lemon tsami.

Mijinta Telmo ya daɗe ba ya gani.
Ya kara wayar a kunne, ya saurara har ƙarshe,
ya ce: gyara, bakwai ne,
kullum sai ta ƙara ɗaya.
Na gyara nan take, yana tsaye.
Da a dalma ne, sai an sake buga dubu.

Ladana abincin rana na Lahadi huɗu.

Farcena ya rabu da tawada,
amma har yau yatsuna na neman harafi a juye.
Alhamis mai zuwa za mu shiga JavaScript.
Iolanda ta ce sai na tsane shi kafin in so shi.
Na sayi sabon littafin rubutu,
na fiƙe fensir biyu.